Kalma Ɗaya a Gaban Alƙali

Matar 'yar birnin Tartu ce, a ƙasar Estoniya. Ta koma Ingila da zama bayan shekarar 2004, lokacin da ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai, kuma ta shafe shekaru Turanci bai gagare ta ba. Da shi take cefane, da shi take ganin likita. Sai ranar da takardar kotu ta iso, ana neman ta ba da shaida kan wani faɗa da ta gani tsakanin maƙwabcinta da matarsa, wanda aka kai matar asibiti a dalilinsa. Ta karanta takardar sau uku, ta gane cewa akwai wani Turancin da ba ta taɓa koya ba.

Ta sayi littafi, ta raba kowane shafi gida biyu: Turanci a hagu, harshensu a dama. Nan da nan ta ga kalmomin ba sa tsayawa ɗaya a gaban ɗaya. A harshen Estoniya õigus na nufin doka, tana kuma nufin haƙƙi. Kohus kotu ce, kuma wajibi ce. Turanci ya ware wa kowace ma'ana kalmarta. A ɗaya ɓangaren kuma, sentence da ta sani da ma'anar jimla, a kotu hukunci take nufi.

Wasu kalmomin tarihi ne ya nauyaya su. Bayan Nomawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen shari'a, kuma ko da dokar 1362 ta ce a riƙa yin magana a kotu da Turanci, kalmomi irin su verdict da jury sun zauna daram. Ta ƙarshen nan ma babu takwararta a kotunan ƙasarsu, inda shari'a ta bi tsarin Jamus, ba a tara mutum 12 su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi.

Amma abin da ya kusa jefa ta cikin matsala ba ya cikin littafinta. Harshen Estoniya ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna. Kalmar ta, wadda Bahaushe ya keɓe wa mace, a wurinsu ta ɗauki kowa da kowa. Da aka ba ta bayanin da ta yi wa 'yan sanda ta sake dubawa kafin a shiga, sai gabanta ya faɗi: a jimlar da ke faɗin wanda ya fara kai duka, she ta ce, alhali mijin take nufi. A gigice ta yi bayanin a daren, kuma ta sa hannu a haka.

Lauyan wanda ake tuhuma bai bar wurin ya wuce ba. Ya ce mata: "Malama, da bakinki kika ce matar ce ta fara." Ta riga ta nemi tafinta, don haka ta amsa da harshenta, a hankali. Ta yarda kuskuren nata ne, ta bayyana inda ya samo asali. Daga nan ba ta ƙara amfani da wakilin suna ba: mees take cewa idan mijin take nufi, naine idan matar ce, har ta sauka.

Da ta koma gida, ta buɗe littafin a shafin farko, sama da manyan kalmomin da ta yi makonni tana haddacewa, ta rubuta he da she. A gabansu, a gefen dama, kalma ɗaya ce tak.