Ranar da 'Yata Ta Ce Sinanci Za Ta Karanta

Ina so ki ɗan ajiye muciya ki saurare ni, domin abin da ya same ni zai iya ƙwanƙwasa miki ƙofa gobe.

Ni haifaffiyar Ƙaraye ce, aure ya kai ni Rogo. Maigidana ɗan atamfa ne, yana saro kaya a Kantin Kwari. Wata shekara ya haɗa jari da ƙanensa suka tafi Guangzhou a ƙasar Sin. Duk cinikin ta bakin tafinta aka yi shi. Da kaya suka iso Kano, sai ga launi daban, yadi kuma bai cika ba. Har yau ba mu san inda magana ta karkace ba. Shekarar nan ko ragon layya ba mu yanka ba.

Ashe 'yata ta fari ta riƙe abin a ranta. Da ta gama sakandare sai ta ce, "Umma, Sinanci zan karanta." Na ce ina, harshen da rubutunsa kamar kaza ta yi tono? Wa kika taɓa gani a garin nan ya ci abinci da shi?

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce Sinanci ba ɗaya ba ne. Akwai Mandarin, harshen hukuma da makarantu, mai karin sauti 4. Akwai kuma Kantonis na mutanen Guangzhou da Hong Kong, mai karin sauti 6, kuma mai jin ɗaya ba lallai ya ji ɗayan ba. A Mandarin, "ma" na iya zama uwa, na iya zama doki, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke. Ta ce, "Umma, ai mu ma haka muke. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba."

Abin da ya kashe mini jiki shi ne da ta tuna mini cewa tun 1963 gidan rediyon Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma a Beijing akwai jami'ar da ake koyar da harshenmu. Su sun daɗe da jin namu, mu kuwa muna jiran tafinta! A nan Najeriya an buɗe Cibiyar Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a 2008, sannan a Jami'ar Legas a 2009, inda ake koyar da Mandarin.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoron nisa ya hana ni barci. 'Ya mace, Legas, tarbiyya. Sai mahaifinta ya tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, don kada a juya masa wasiƙa. Muka yi istihara, muka damƙa ta hannun yayarsa da ke zaune a Agege.

Hutun da ya wuce, ita ta karanta wa mahaifinta takardar kaya, ta nuna masa layin da ba a fassara masa ba.

'Yar uwa, idan ɗanki ya zo miki da burin da ba ki saba ji ba, kada "a'a" ta riga kunnenki. Ki bincika, ki shawarci maigida, ki bi shi da addu'a. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.