Nan Kusa Ne: Kwana Bakwai A Hanyar Gangirwal

A garin Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, dogarin dajin da aka haɗa mu da shi ya ɗaga jakata da hannu ɗaya, ya jinjina ta, ya dire. "Malam, ƙaura za ka yi?" Na yi dariya. Da na san abin da ke gabana da ban yi ba.

Inda muka nufa shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma ce wa Gangirwal, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Gandun da yake ciki an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, duk ƙasar nan ba mai girmansa. Daga ƙauyen Gashaka muka sa ƙafa.

Ni tsoron tsawon dutsen na taho da shi, ashe ba can gizo ke saƙa ba. Ranar farko ƙudan tsando ne ya karɓi baƙuncinmu a kurmi, cizonsa har ta cikin riga. Rana ta biyu igiyar jaka ta ci mini kafaɗa, sai na fara rabon gado tun ina da rai: littafi, wando na uku da gwangwanayen kifi duk suka koma hannun 'yan dako. Garin kwaki, ƙuliƙuli, kilishi da ganyen shayi kaɗai suka tsira.

Sai ƙafa. Sabon takalmi na saya takanas don tafiyar, wautar da har yau nake jin kunyarta. A rana ta uku diddigena na hagu ya yi bororo kamar kwabo, ya fashe, safa ta manne a jiki. Kullum da asuba sai na jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta saki, in naɗe wurin da filasta, in cusa ƙafar ina cije leɓe. Kowane rafi kuma da shawararsa: in tuɓe in taka duwatsu masu santsi, ko in shiga da takalmin in wuni cikin danshi. Ina cikin wannan lissafin wata rana wata Bafillatana ta zo ta wuce mu, ƙwaryar nono a ka, goyo a baya, silifas a ƙafa. Ko haki ba ta yi.

Wajen Chappal Hendu kurmi ya ƙare, aka shiga tuddan ciyawa inda Fulani ke kiwo. Hendu iska ce da Fulatanci, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Cikin dare tanti ya yi ta kaɗawa kamar zai tashi da mu. Alwalar asuba ta zama jarrabawa, ruwan kamar an sa ƙanƙara, yatsu su ƙi lanƙwasuwa. A nan na san daɗin sallar ƙasaru.

Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne tambaya. Duk makiyayin da muka tarar sai na ce, "Baffa, saura nisa?" Sai ya nuna da baki: "Nan kusa ne." Nan kusan Bafillatani kuwa sai ka ci tudu uku, ka hau na huɗu, ka hango na biyar yana jiranka.

Ƙololuwar da na sha wuya dominta ba mu yi minti talatin a kanta ba. Hazo ya rufe ɓangaren Kamaru, batirin wayata ya mutu tun shekaranjiya. Muka juyo, gangara ta kama gwiwoyina suna ta rawa, ina dogara sandar da wani yaro ya saro mini. A rugar farko da muka sauka aka miƙo mini kindirmo a ƙoƙo, na shanye shi tsaye da jakar a bayana, don na san in na zauna sai an ɗaga ni.