Ziyarar Dajin Amurum Da Gilashi Mai Jawo Nesa Kusa

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ba ya bukatar a ba shi labarin sanyi. Garin yana bisa tudu mai tsayin mita wajen 1,200, don haka da na fito da asuba hannuwana har rawa suke yi. Abin da ya fito da ni shi ne gwada wani gilashin kyamara na wani abokin aikina, irin wanda masu hoto ke kira zum, watau mai jawo nesa kusa, daga milimita 100 zuwa 400. Yana so ya sayar mini, kuɗinsa kuwa ya haura albashina na wata uku. Ashe ke nan dole in auna kafin in sa hannu a aljihu.

Na nufi dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da Jos. A nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. Wurin duwatsu ne masu sulɓi, da ciyawa, da kurmi a bakin rafi, kuma an ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 300 a cikinsa.

Wanda nake nema shi ne wani ɗan tsuntsu mai jan baya da Turawa ke kira Rock Firefinch. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ko 11 ba, sai a 1998 masana suka tabbatar cewa irinsa daban ne. Yana da wani maƙwabci mai wayo, baƙin tsuntsu, wanda macensa ke saka ƙwai a sheƙarsa ta bar masa wahalar reno, namijin kuma yana kwaikwayon kukansa.

To, ga abin da na gani game da gilashin. Da farko dai yana da nauyi, wajen kilo ɗaya da rabi. Bayan sa'a guda wuyana ya fara ƙorafi. Na biyu, in aka kai shi milimita 400, yadda yake ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara girman rawar hannu. Hotunan farko duk sun yi dishi-dishi, sai da na dogara shi bisa dutse, na kuma sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Wannan kuwa yana bukatar haske, sai da rana ta ɗaga. Na uku, ba shi da magani ga hazo. Na auna duwatsun Shere daga nesa, suka fito fari fat, domin ƙurar da ke tsakanina da su ita ma ya jawo ta.

Da hantsi, bayan na daɗe zaune shiru a gindin wani dutse, sai ga ɗan tsuntsun ya sauko yana tsintar ƙwayar ciyawa, bai fi taku goma daga gare ni ba. Hoton ya fito tsaf har ƙwayar idonsa. Gilashi ya yi nasa, amma haƙuri ne ya kawo tsuntsun.

A hanyar komawa na mayar da shi milimita 100. Nan fa na ga abin da hoton kusa ke ɓoyewa: a wajen iyakar dajin gonaki sun matso, ga kututturan itatuwan da aka sare don girki. Wanda ya ga tsuntsun kaɗai sai ya ɗauka gidansa lafiya lau yake. Wannan ne babban amfanin zum ga ɗan jarida, yana nuna tsuntsu, ya kuma ja da baya ya nuna halin da mazauninsa ke ciki.

Saboda haka na yanke shawarar saye, da biya kaɗan-kaɗan. Allah ya sa 'ya'yanmu su tarar da abin ɗauka a Amurum, amin.