Ranar da kiyashi suka tona ciwon muzurunmu

Na san wasunku za su yi dariya kafin su kai ƙarshen wannan rubutu. Ba komai, maƙwabciyata ma sai da ta riƙe baki ranar da ta gan ni da sirinji ina lallashin muzuru. Cewa ta yi, "Mutane ba su gama samun magani ba, ke kina yi wa mage allura?" Duk da haka, in akwai kyanwa a gidanku ku daure ku karanta, don kuskuren da na yi saura ƙiris ya kashe tamu dabbar.

Sunansa Ɗan Lele, shekararsa 9. Inna ce ta raine shi, bayan rasuwarta ya dawo hannuna. Ƙato ne, domin duk abin da Inna za ta kai baki sai ta gutsura masa: tuwo, shinkafa, har burodi da shayi. Mu kuwa muna ɗaukar ƙibar nan alamar jin daɗi.

Sannu a hankali ya fara shan ruwa kamar ba gobe, fitsari ba ƙaƙƙautawa. Yana ci fiye da da, amma yana ramewa. Ƙafafunsa na baya suka yi rauni, ya daina hawa katanga. Wata safiya ina shara na ga kiyashi sun yi cincirindo a inda ya yi fitsari. Gabana ya faɗi, don na taɓa ganin haka lokacin da Inna take fama da ciwon suga.

Likitan dabbobi ya gwada jininsa, suga ya hau sosai. Na ɗauka magana ta ƙare, sai ya ce, "Hajiya, kada mu yi gaggawa. Tsoro kaɗai yana iya tayar da sugan kyanwa." Ya gwada fitsari, sannan ya aika jini don wani gwaji da ake kira furuktosamin, mai nuna yadda suga ya kasance a makonni 2 zuwa 3 da suka wuce. Shi ne ya tabbatar. Ya ce ciwon ya fi kama muzurai masu ƙiba da suka fara manyanta, kuma ya yi kama da nau'i na 2 na mutane.

Na ce, "Likita, akwai ragowar ƙwayoyin Inna a gida, ko in riƙa ɓalla masa?" Ya ce kul. Ya ɗora shi kan insulin, allura sau biyu a rana, awa 12 tsakani, a ƙarƙashin fata. Ya sa na gwada a gabansa har hannuna ya daina rawa. Ya kuma ja kunnena kan sirinji: akwai U-100, akwai U-40, kowane da irin insulin ɗinsa. In aka zuƙi na U-100 da sirinjin U-40, za a ba dabba ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta.

Sai abinci. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da shinkafa ba cimarta ba ce. Muka koma abincin gwangwani na kyanwa da ɗan dafaffen kifi ko kaza ba gishiri. Ragowar miya kuwa an hana, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa.

To, ga inda na yi kuskure. Wani dare Ɗan Lele ya yi amai, ya ƙi cin komai. Likita ya riga ya faɗa mini cewa in haka ta faru in kira shi kafin allura. Na ji nauyin damunsa da dare, na ce ai gara a yi da a fasa, na yi masa cikakkiya. Bayan 'yan awoyi na same shi yana tangaɗi kamar mashayi, jikinsa yana karkarwa. Na buga waya ina kuka. Likita ya ce in lakaci zuma in shafa masa a dasashi, kada in ɗura masa komai don kada ya shaƙe, sannan in kawo shi nan take. Allah ya sa da sauran kwanansa.

Washegari bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, sugan da ya hau yana cutarwa a hankali, wanda ya faɗi kuwa yana iya kisa a dare ɗaya, kuma ya fi son a tashe shi daga barci da a kawo masa gawa. Tun ranar ban ƙara ko rage ɗigo ɗaya da ra'ayin kaina ba.

Na sayi littafi ina rubuta lokacin allura, abin da ya ci, ruwan da ya sha, da sakamakon gwajin da nake yi da ɗigon jini daga gefen kunnensa. Littafin nan likita yake fara karɓa duk zuwanmu, da shi yake yanke shawara. Shi yana da ilimin, ni ce nake kwana da maras lafiyar.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wahala. Kuɗi suna tafiya. Insulin ba ya son zafi, ba ya son daskarewa, don haka in wuta ta daɗe ba ta dawo ba a zafin Afirilu, sai in sa kwalbar a leda in ajiye cikin kula da ɗan ƙanƙara a gefe. Biki ko suna, ƙarfe 7 tana yi ina gida, ko in bar wa ɗana da na koya wa.

Wasu kyanwoyin, in an kama ciwon da wuri, sukan kai matsayin da za a dakatar da allura, ko da yake yana iya dawowa. Namu bai kai nan ba, amma an rage masa, kuma makon jiya na gan shi a kan katanga yana shan hantsi.

Maƙwabciyata har yanzu tana tsokanata. Amsata ɗaya ce: amanar Inna ce, kuma dabbar da ka ajiye a gidanka za a tambaye ka haƙƙinta. In kun ga taku kyanwar ta maƙale wa kwanon ruwa tana ramewa, kada ku jira kiyashi su faɗa muku. Ku kai ta asibitin dabbobi.