Ƙarfin bugun tanis daga ƙasa yake tasowa

Justine Henin, 'yar ƙasar Beljiyam, tsayinta mita 1.67 ne kacal, ga ta siririya. Duk da haka ta lashe manyan kofunan tanis guda 7, kuma bugun da take yi ta bayan hannu, da hannu ɗaya, ya sha gigita matan da suka fi ta tsayi da ƙira. Wanda ya tsaya auna damtsenta ba zai gano sirrin ba.

Ɗan wasa yakan ɗan rusuna ya danna ƙasa da ƙafafunsa, ƙasa kuma ta mayar masa da daidai abin da ya ba ta. Wannan turi ne ke juya ƙugu, ƙugu ya ja gangar jiki, ita ta ja kafaɗa, daga nan sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, sai raket. Ben Kibler, likitan 'yan wasa a Amurka, ya ƙiyasta cewa kimanin rabin ƙarfin bugun buɗe wasa daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa.

Jerin nan tamkar bulala yake: mariƙinta ba ya wani gudu, amma bakinta ke tsaga iska. Kowace gaɓa mai nauyi takan kai ƙarshen saurinta, ta lafa, ta miƙa wa wadda ta fi ta sauƙi. Shi ya sa gwani kan murɗa kafaɗunsa baya fiye da ƙugunsa, har tsokokin ciki da na baya su miƙe kamar ɗanƙo, ya kuma sake su nan take kafin abin da suka tara ya zube. Riƙonsa ma sako-sako ne, domin ƙanƙame raket yana sandarar da hannu. Ƙwallo ba ta wuce kimanin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa a kan zaren raket, saboda haka duk aikin ya ƙare kafin a taɓa ta.

Idan ƙafafu suka yi kasala, kafaɗa ce ke biyan bashi. A lissafin Kibler, raguwar kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙugu da gangar jiki tana tilasta wa kafaɗa ƙarin saurin kashi 34 kafin bugu ya yi nauyin da ya saba. Ƙananan jijiyoyinta ba su iya jure wannan shekara da shekaru. Saboda haka ƙwararren koci, idan ɗalibi ya koka da ciwon kafaɗa, yakan fara da duba yadda yake taka ƙasa.