Suna Ɗaya a Littafin Awo

Daga Hawassa, a ƙasar Habasha, muka kama hanyar kudu zuwa tsaunukan Sidama a watan Nuwamba, lokacin da 'ya'yan kofi suka nuna suka yi jawur. Ni da na saba ganin gona fili fetal, da farko ban gane inda gonakin suke ba. Ashe kofin a bayan ɗakuna yake, ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, a cakuɗe da wata shuka mai kama da ayaba da suke kira enset, wadda mata ke kankare jikinta su binne har ya yi tsami, sannan ya zama abinci.

A wurin wanke kofi na wata ƙungiyar gama kai na tarar da dogayen gadajen shanya, mata jere a gefensu suna tsince ɓaragurbi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake tsintar wake a gidajenmu. Na ɗauka ƙungiyar tasu ce. Sai da na tsaya kusa da sikeli na ji abin da ya ɗaure mini kai: mace ta sauke kayan da ta tsinko tun safe, magatakarda ya auna, ta faɗi sunan mijinta, ya rubuta.

Tafintana ya warware mini. Galibi mutum ɗaya ake yi wa rajista a kowane gida, kuma rajistar tana bin wanda aka sani da gonar. Tsarin mulkin Habasha na 1995 ya ce ƙasa ta gwamnati ce da al'umma, manomi haƙƙin amfani yake da shi. An daɗe da fara sa sunan miji da na mata tare a takardun fili, amma littafin ƙungiya bai faye bin sahu ba. Matan da na gani a ciki yawancinsu waɗanda mazajensu suka rasu ne.

Sunan nan kuwa shi ne komai. Sau biyu ake biyan manomi: ranar awo, sannan bayan tarayyar ƙungiyoyin Sidama, wadda aka kafa a 2001, ta sayar da kofin a ƙasashen waje an raba riba. Kuɗin biyun hannun mai suna suke shiga. Shi ke jefa ƙuri'a, shi ake kira horo, shi ake ba rance. Matar da ta so shiga da kanta sai ta biya kuɗin rajista ta sayi hannun jari, alhali abin da ke hannunta ɗan ragowar busasshen kofi ne da take sayar wa 'yan kasuwa don cefane. Shi ya sa suka fi dogara da ekub, wato adashensu.

Da yamma gwaggon tafintan ta karɓe mu. Ta soya ɗanyen kofi a gabanmu, ta daka a turmi, ta dafa a tulun baƙar ƙasa mai dogon wuya, jebena, ga turaren wuta, ga gugguru. Zagaye uku ake sha, na ukun sunansa baraka, kalmar da ta faɗo mini a kunne kamar daga gida. Na ce, "Inna, kina zuwa taron ƙungiya?" Ta nuna murhu, ta nuna jikokinta, ta ce da hantsi ake taron, wa za ta bar wa waɗannan? In ma ta je, maza ne cike da wurin, mace ba ta ɗaga murya a gaban surukanta.

Na buɗe baki zan ce mu a wurinmu mace tana da gadonta, tana da gayaunarta ban da gandu, sai na tuna mahaifiyata. Ita ke ɓare gyaɗar gidanmu, ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Duk shekarar da aka zo rubuta sunayen masu karɓar taki a ƙofar mai unguwa, sunan mahaifina ake rubutawa, kuma gonar da ta gada tana hannun yayanta har ta rasu. Ni ne yaron da ake aika da takardar, ban taɓa tambayar dalili ba. Gwaggon ta miƙo mini kofi na uku, na karɓa da hannu biyu.