Kuka Biyu a Shafi Ɗaya

A wani gida na unguwar Birni, cikin Damagaram, akwai yarinya ƴar shekara bakwai wadda bakinta ba ya hutawa. Ita ce mai amsa wa kakarta "ta zo mu ji ta" tun kafin sauran yara su gyara zama, ita ce kuma mai tsayar da tsohuwar idan ta tsallake wani wuri a labarin Gizo da Ƙoƙi. A makarantar allo ta gama babbaƙu ta shiga farfaru, tana kiran haruffa da sunayensu na Hausa, su ambaki da lam jaye da ha kuri. Wannan yarinya ce aka kai lakol, ajin farko da ake kira CI, ta yi wata tara a kan benci ba a ji muryarta ba, sai cikin amshin da aji ke yi gaba ɗaya.

Da shekara ta ƙare, mushe ya gaya wa mahaifinta cewa yarinyar ba ta ja. Mutum ne mai aji cike maƙil da alli guda a hannu, abin da ya gani ya faɗa. Mahaifin maɗinki ne, ya san abin da littafin rubutu da alƙalami suka ci masa, sai ya yanke cewa allo ya ishe ta, da safe ta taya uwarta tallan ƙosai.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne kaya biyu aka aza wa yarinyar a rana ɗaya. An so ta gane cewa zanen da ke jikin allon bango murya ce aka daskarar, an kuma so ta gane haka cikin Faransanci, harshen da ba ta taɓa neman ko ruwan sha da shi ba. Yaron da ya haɗa haruffa suka ba shi kalmar da ya sani, nan take yake samun ladan wahalarsa. Wanda ya haɗa suka ba shi ƙarar da ba ta nufin komai a kunnensa ba shi da hanyar sanin ko ya yi daidai, don haka yakan koma ga hadda, ko ya yi shiru. Nijar ta daɗe da sanin wannan. A nan Damagaram ɗin aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka takan riga littafi isowa, kuma makarantar yarinyar ba ta cikin masu harshe biyu.

Kakar ce ta hana a rufe maganar. Ba ta kiran sunan maɗinkin, domin ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, ka bar mini kishiyata zuwa ƙarshen damina. Yarinyar da ta riƙe tatsuniya talatin a ka, ba kai ne ya yi mata ƙaranci ba." Ya ce, "To, Iya."

Tsohuwar ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Wadda ta sani ita ce goggon yarinyar, da ta taɓa zama ajin yaƙi da jahilci, ta fito da wani ɗan littafin Hausa mai shafi kaɗan wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Bayan la'asar sai su uku su zauna a tabarma, goggo na nuna harafi da tsinke, yarinya na haɗawa, kaka na tsince wake tana saurare.

Kwanakin farko sun tafi wajen warware abin da lakol ya ɗaura. Yarinyar ta ga "ci" ta ce "si", ta ga "u" ta tsuke leɓe irin na Faransawa. Ba ta yi laifi ba, domin haka ƙasar take rubuce a idonta: Tawa a allon hanya Tahoua ce, Dogon Dutsi kuwa Dogondoutchi. Ta sha mamaki da ta ji cewa a rubutun Hausa ba harafin da ake rubutawa don a yi shiru da shi, kuma ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ita ce ta raba ƙafa da kafa. Cikin mako uku ta iya haɗa gaɓoɓi. Amma karatun nata a shimfiɗe yake, kowace gaɓa da nauyin ƴar'uwarta, kamar mai ƙirga goro.

Wata rana ta iso wani layi inda aka ce wata mata ta ji kuka a bayan gida. Ta ja gaɓar farko, ta sauke muryarta a ta biyu. Kakar ta ɗaga kai daga faifai ta ce, "Ke kishiya, yaushe aka fara jin kuka da kunne? Ta miya ce ta yi magana?" Yarinyar ta dubi shafin, ta dubi tsohuwar, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta koma farkon layin ta karanta shi da murya a sama, kamar yadda ake faɗin kukan jariri, sannan ta tambayi goggonta wane ne yake kukan. Tun da aka kai ta lakol, ranar ce ta fara tambayar abin da rubutu ke nufi.

Ɗalibin Hausa ya kamata ya tsaya a kan wannan gyara na tsohuwa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kukan yaro da kukar miya kamanninsu ɗaya a takarda, haka wuyan mutum da wuyar aiki, haka garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Ƙamus da littafin nahawu sukan ɗora alamomi a kan wasula, amma jarida da wasiƙa da saƙon waya ba su yi. Mai karatu ne ke cika abin da alƙalami ya bari, kuma daga kunnensa yake ɗebowa. Saboda haka rabin karatun Hausa yaro yakan same shi tun kafin ya ga harafi, a wajen mai yi masa tatsuniya da kacici-kacici, da mai barinsa ya yi surutu har ya gaji. Goggo ta kawo haruffa, amma ba ta lura da kuskuren ba, don idonta na kan tsinke. Wadda ba ta ganin shafin ita ce ta ji shi. (Baƙon da ya koyi Hausa daga littafi ya san wannan wahala ta ɗaya gefen: yana ganin kalmar sarai, bai san yadda zai ɗaga ta ba.)

Daga nan zaman ya sauya. Yarinyar kan karanta layi, kakar ta ce, "Faɗa mini shi kamar kina gaya wa uwarki." Wani lokaci tsohuwar ta faɗi guntuwar tatsuniya, yarinyar ta rubuta a bayan tsohon kwalin sukari, washegari ta karanta mata, su yi gardama a kan ko haka aka faɗa.

Faransancinta bai tashi sama dare ɗaya ba. Da aka koma lakol a watan Oktoba ta maimaita ajin, har yanzu kuma ƙamus ɗin kanta a wannan harshe ƙarami ne. Abin da ya sauya shi ne ta san aikin da haruffa ke yi, idan ta haɗa kalma takan ɗaga hannu ta tambayi ma'anarta. Mahaifin bai sake tada maganar talla ba, ko da yake bai ce ya janye ta ba.

Matsalar da ta rage ita ce littafi. Ɗan littafin goggo ya ƙare, an maimaita shi har yarinyar na faɗinsa ido rufe. Da maɗinkin zai tafi Kano sayen yadi a Kantin Kwari, ta bi shi har zaure ta ce, "Baba, a sayo mini mai labari." Ya dawo da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Takan yi rabin shafi a yini, kakar na gyara mata murya, goggo na taimaka mata da dogayen kalmomi. A daren farko ta tsaya a kan wata kalma, ta kawo littafin kusa da fitila, ta tambayi goggonta me ya sa mutanen Nijeriya suka cire wa ƴ ƙugiyarta suka ajiye mata ita a gefe.